Carbin da Na Haɗa Ya Ɗora wa Kakana Bashi a Kabari

Assalamu alaikum Anti Rahmatu, da ku ƙawayena na wannan fili da muke haɗuwa kullum a ƙarƙashin wasiƙun mutane. Yau mai tsoma baki a matsalar kowa ce ta kawo tata, kuma wanda ya yi dariya ban yafe ba. Anti ki taimake ni, na shafa wa mamaci kashin kaji. Don Allah a sakaya sunana.

Ni karatuna a tsakiyar sakandare ya tsaya, waya ce ta ƙarasa min. A bidiyo na koyi rubuta kod, wato umarnin da na'ura take bi, da haɗa 'yan na'urori. To da kakana Malam Ya'u ya rasu, mai awon hatsi ne a kasuwar Hunkuyi, sai kakata Iya Hajo ta yi alwashin ja masa hailala dubu saba'in, yadda tsofaffinmu suke yi wa mamaci. Da tsakuwa take lissafi, kowane zagayen carbi ta jefa ɗaya a kwano, jikoki kuma su kwashe su tafi 'yar carafke. Shi ne ni gwana na haɗa mata carbin dannawa mai ɗan gilashi da yake nuna lamba. Na tara mutanen gida na ce ɗan Adam yana mantuwa, amma na'ura ba ta ƙarya. Har hoto na ɗora, aka yi ta sa min albarka.

Inda na kwafo kod ɗin an rubuta cewa gurbin ajiye lambar yana ɗauka har 0x7FFF. Na ga lamba har da haruffa a jikinta, na ce ai wannan ko Iya za ta shekara ɗari ba ta cika ta. Ashe ƙirgen heksa ne, na sha shida sha shida, kuma 32,767 ce kawai ta sa babbar riga.

Ranar da Iya ta kai wurin, ta ƙara dannawa ɗaya, sai ga 32,768 da wata ƙaramar sanda kwance a gaban lambar. Talatu matar kawuna, wadda rabonta da lissafi tun firamare, ranar ta tuna komai, ta ce a makaranta wannan sandar sunanta bashi. Shi ke nan Anti. Iya ta yanke cewa hailalar duk ta shige biyan bashi, kuma har yanzu ana bin Malam saura a can. Kafin a yi haka zance ya kai kasuwa. Baba Ashafa, wanda rumfarsa take jikin ta marigayi, yana ta gaya wa mutane wai dama mudun Malam gindinsa a buge yake. Mutumin da ya ci tuwon sadakar uku har da ƙari!

Na yi bayani har bakina ya bushe. Iya ta ce ai ni da bakina na ce abin ba ya ƙarya, wai mijina nake rufa wa asiri, kin san wasan jika da kaka. Abin da ya fi damuna, ta lura duk dannawa ɗaya lambar tana raguwa, to yanzu biya take yi. Babban yatsanta ya kumbura, abinci sai an yi da gaske, ga hawan jini, tana ja tana hawaye.

Na yi tunanin in sace abin in canza gurbin zuwa wanda ba ya nuna sanda kwata-kwata, in ce mata an yafe. Ya kika gani?

Taki, Injiniyar Janfalan

Wa alaikumus salam Injiniya. Allah Ya ji ƙan Malam. Na sakaya sunanki, ko da yake kin faɗi na kowa har da rumfa.

Niyyarki mai kyau ce, kuma Iya ba wauta ta yi ba, maganarki ta ɗauka. Gurbin lamba kamar mudu yake, kowanne da iyakar abin da yake ci. Naki mai bit sha shida ne, wato ƙaramin mudu, da ya cika sai ya juya ya faro daga can ƙasan sifili. Idan akwai mudun da bai cika awo ba a gidanku, ba na Malam ba ne.

Dabararki kuwa ki ajiye ta. Gurbin da ba ya nuna sanda a 0xFFFF yake tsayawa, wato 65,535. Bai kai dubu saba'in ba. Iya tana gab da gamawa zai koma sifili, ki gaya min me Talatu za ta ce a ranar. Ki koma mai bit talatin da biyu, iyakarsa 0x7FFFFFFF, sama da biliyan biyu. Daga yau kuma duk lambar heksa da kika gani, ki juya ta zuwa ƙirgenmu kafin ki yi mata kirari.

Kada ki saci komai, kada ki ce an yafe, ba huruminki ba ne. Wanda ya yarda da na'ura, na'ura ce za ta warware masa. Ki haɗa wani carbin irinsa, ki saita shi kusa da iyaka, ki gayyato Baba Ashafa cikin ladabi ya ja hailala goma da sunan kansa a gaban Iya. Idan sandar ta fito masa, shi da kansa zai zagaya kasuwa yana wanke Malam.

Sannan ki zauna kusa da ita ki nuna mata ba abin da ya ɓace: ki cire lambar da ke jikin sandar daga 65,536, za ki samu ainihin inda ta kai. Ta fi kusa da gamawa fiye da yadda take zato. Ki kai ta a duba jininta, ku raba sauran hailalar a tsakaninku. Ki kuma tuna mata cewa Wanda ake yi dominSa bai taɓa jiran batirinki ba.

Allah Ya ba Iya lafiya, Ya kai haske kabarin Malam. Masu karatu, wa na'ura ta taɓa yi wa shaidar zur a gidanku? Baba Ashafa, idan kana karantawa, kai ma muna son jin ta bakinka.

Anti Rahmatu