Kwalaben da Kamalu ya jera

Aubervilliers, watan Maris

Yaya Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Ilya da yara. Ya ƙafar Inna? Ya zafin Damagaram?

Kin ce Inna na tambaya ko har yanzu wasan laka nake yi. Ki ce mata e, shekara ta huɗu ke nan. Jirgin bincike ne ya kwaso lakar daga ƙasan teku, wata kusa da gaɓa, wata daga zurfin da hasken rana ba ya kaiwa. Cikinta tsutsotsi ne fal, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Aikina in ƙirga su, in nuna yadda suke raguwa in an yi zurfi. Lakar na cikin kwalabe, kowace kwalba da 'yar takardar zurfinta a manne, da fensir na rubuta.

Jibi zan kai kwalaben zuwa Lyon, wajen Madam Odile mai duba tez ɗina, wato kundin digirina. Maigidana Kamalu ya hana ni taɓa kwali, wai shi da ke ɗaure kaya a sito kullum ba zai bari in yi shirme ba. Tallafin karatuna zai ƙare a Satumba, takardar izinin zamana a ƙasar nan ma haka. Na gaji, Yaya, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Latifa

Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, watan Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ni lafiyar jiki kawai gare ni.

Kamalu ya ga takardun kwalaben sun yi dauɗa, sai ya ɓamɓare su, ya kwafe kowace lamba da alƙalamin maka a jikin kwalba, tsaf, yadda suke yi a sito. Ya kuma jera su bisa girma don kwali ya rufu. Bawan Allah bai san dalilin fensir ba: ruwan alkol ɗin da ke cikin kwalaben don hana lakar ruɓewa cinye tawada yake yi. A hanya ya tsiyaye. Da na buɗe kwalin, wallahi sai na tarar tawadar duk ta wanke. Ko lamba ɗaya ba ta rage ba.

Tsutsotsin suna nan lafiya lau, amma ban san wacce ta fito daga wane zurfi ba. Madam Odile ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta haɗa mini kofi. Jirgin ba zai koma wurin ba sai bayan shekaru.

Har yanzu ina zuwa ina ƙirgawa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Kamalu na kira yana tambaya ko wata ta fashe. Na ce masa ko ɗaya, kuma gaskiya ce. Jiya ya aiko mini hoton shaddar da ya ɗinka don ranar kare tez.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna. Ki dai sa a share mini ɗakin baya kafin Satumba.

Taki,
Latifa