Hotunanka Sun Cika Mini Kwamfuta

Assalamu alaikum, Auta.

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana gyara wa kowa shanya. Yaya Babba kuwa likita ya ce masa ya rage gishiri, sai ya rage zuwa wurin likitan.

Ranar da ka aiko mini da sabuwar kwamfutar nan ka rubuto cewa, "Yaya, na saita miki komai, buɗewa kawai za ki yi. In ta ba ki matsala, ko me nake yi zan ɗaga wayarki." Saƙon yana nan, ban goge ba. Na kira, na sake kira, har matarka ta ɗauka ta ce kana mitin. Mitin ɗin nan dai Allah ya kawo ƙarshensa.

Ga abin da ake ciki. In na kunna ta, sai na ɗora ruwan zafi na sauke kafin ta gama farkawa. In na rubuta kalma, sai na naɗe hannu ina jira ta fito harafi-harafi. Fankarta kuma tana huci kamar ta hau bene da kaya. Ka san babi na ƙarshe na kundin digirina nake rubutawa, kuma malamin da ke duba aikina zai yi ritaya a ƙarshen wata. Ya faɗa mini ƙarara cewa in bai sa hannu ba kafin ya tafi, wanda zai gaje shi daga babi na ɗaya zai fara. Da furfurata ba zan koma babi na ɗaya ba, Auta.

Kada ka ce ban iya ba ne. Na ɗauke ta daga kan filo na ɗora a tebur don ta sha iska. Na bar ta ta gama sabunta kanta. Na kashe tarkacen da ke tashi tare da ita in an kunna. Mai gyara na bakin titinmu ya ce a buɗe cikinta a ƙara mata ƙwaƙwalwa, na ce sabuwar na'ura ba a fara mata da tiyata. Sai na buɗe shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfinta, na ga ɓarawon. Kai ne. Da kake saita mini komai, da akawun ɗinka ka shiga, ka kuma naɗa kanka mai iko a kanta. Tun daga ranar take jawo duk abin da ka tara a ma'ajiyarka ta intanet: hoton motarka ta gaba da ta baya, kowane faranti da aka taɓa ajiye maka a gaba, bidiyon kyanwarku tana barci. Ta cika maƙil, datata kuma ta tafi a kan kyanwa. In na dakatar da jawowar, da na sake kunnawa sai ta ci gaba. In na ce zan fitar da akawun ɗin, sai ta nemi kalmar sirrinka.

Abin da nake so kaɗan ne. Ka kira ni, ka ba ni kalmar, ka tsaya a waya har in fitar da kai.

Ka gaishe mini da matarka, ita ba ta da laifi. Ka gaishe da takwarar Inna da ƙaninta Sarkin Rigima. Maigidan da yara duk suna gaishe ku.

Na ba ka zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In ban ji ka ba, zan fara sharewa da kaina don in samu wurin aiki. Ka kuma sani, abin da na goge a nan, a wayarka ma zai ɓace. Na gwada da hoto ɗaya, wanda ka sa tabarau kana jingine da motar da ba taka ba. Duba ka gani ko yana nan.

Yayarka.