Na Goge Hannun Baba

Laraba, bayan isha'i.

Yau na yi aikin da ba wanda ya sa ni. Na sauko da tsohuwar bindigar marigayi Baba ta soja, wadda aka toshe wa baki da dalma tun ina rarrafe. Na ga katakonta ya yi baƙi, sai na sa samfefa na goge shi tas, har da fito. Ni ne injiniya, mai aji huɗu na firamare.

Da la'asar na kira maƙwabcinmu Sajan mai ritaya ya gaya min darajarta. Ya sa tabarau, ya jujjuya ta.

"Ƙirar Mak-fo ce. Ina hatimin da ke gindin nan?"

"Na ɗauka datti ne, Baba Sajan."

"Dattin shi ne darajar, ɗan nan. Yanzu taɓarya gare ka."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ba hatimin ne ya dame ni ba. Akwai wani baƙin wuri a katakon da tafin hannun Baba ya ci, shi ma na goge shi. Kowace Juma'a yakan zauna a zaure da tsumma da man keken ɗinkin Iya yana shafa wa bindigar, tana mita, shi yana ba mu labarin yaƙi, kullum abokan gaba na ƙaruwa. Wurinsa na gaji cika bakin da nake yi wa yarana.

Jibi Iya za ta zo daga Izom. Kafin ta sha ruwa takan ɗora hannunta a baƙin wurin nan. Dole in tare ta tun a ƙofa in faɗa mata da bakina, kafin hannunta ya faɗa mata.