Surukinka Bai Saki Sandar Tuƙi Ba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taka, ta yi sauƙi? Yaya Mama da Goggo Torunn?

Mun iso tsibirin Faial lafiya, kada hankalinku ya tashi. 'Yar matsala ce kawai muka samu. Muna tsakiyar teku igiyar sitiyarin jirginmu ta tsinke, ruwa ya fara shigowa, famfon kwashe shi kuma ya ƙi aiki. Surukinka Eivind ya kafa sandar tuƙi ta ko-ta-kwana, ni na ɗauki bokiti. Ruwa har ƙaurina, ina kwasa ina kuka.

Ya leƙo ya ce, "Haba Ragnhild, rage hawayen nan, kina ƙara mana aiki!"

Na watsa masa rabin bokiti.

Don Allah a aiko mana da cukun gida da safar hannu. Kada Mama ta ji zancen ruwan nan.

Baba, na san kana ganin Eivind ya cika wasa. Tafin hannunsa duk ya saluɓe a kan sandar nan, bai nuna mini ba sai da muka taka ƙasa. In mun dawo, ka kira shi ku je kamun kifi.

Allah ya bar mana ku.

'Yarka,
Ragnhild