Yatsu Biyun da Na Hana Ka

Zuwa ga Yayana, babban gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ka a inda kake, Ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye, ka kuwa san wannan ita ce alamar warkewarta. Ƙanwarka Uwar Magana tana nan, bakin bai ragu ba. Kawu ma yana nan yadda ka bar shi sai dai ƙari. Rigar da tela ya ɗinka masa bara ta ƙi shi bana, shi kuma ya dage wai yadin ne ya tsuke. Garejin Baba yana tafiya, Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na san halinmu ne: in na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka fara daka mini tsawa, ni kuma in fashe da dariya, shi ke nan zance ya watse. Takarda kuwa ba ta jin tsawa. Sannan akwai abin da na saka a cikin ambulan ɗin wanda waya ba ta iya ɗauka. Kada ka buɗe shi sai ka kai ƙarshe, ko da yake na san tuni ka buɗe.

Maganar motar nan Ƙadangaruwa ce. Kwalin da ka aiko ya iso lafiya, shokozoba huɗu da gajerun sifirin, irin masu zoben nan da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Uwar Magana ta karanta mini takardar ciki ta Turanci tana ta feleƙe, ni kuma na gane abina daga hotunan tun kafin ta gama layin farko. Ranar da na yaye mata tamfol a gareji sai da na ɗan zauna. Jan fentin nan yana nan, ƙofofin nan biyu, har da ɗan lotsawar da ka yi mata a gefe ka ce wai iska ce ta turo kurar ruwa. Na tuna ranar da aka sauke ta daga bayan babbar mota, ba gilashi ba kujera, kaji sun yi ƙwai a cikinta, Baba ya zagaya ta sau biyu ya ce wannan ai ƙadangaruwa ce, da ciki take tafiya. Shekara biyu kuka yi kai da shi kuna tashin ta, kuna musu a kan kowane noti. Har yau in na buɗe ta, ƙamshin sabulun da yake wanke hannu da shi nake ji, ko hancina ne yake yi mini ƙarya, oho.

Na yi yadda ka ce, na sauke ta yatsu huɗu cif. Wallahi Yaya ta yi kyau. Ta kwanta kamar mage za ta kama ɓera, taya ta shige cikin kumatunta, masu wucewa suna tsayawa kallo. Mai walda na kusa da mu ya ce ko a hoto bai ga irinta ba. Har na fara jin kaina, sai idona ya faɗa kan katakon Baba a rataye a ƙusa. Ka tuna shi ai, guntun katakon nan da ya yi baƙi da mai, wanda ya yanka daidai tsayin tudun simintin ƙofar gida ya ƙara yatsa ɗaya, yana cewa duk motar da katakon nan bai ratsa ƙarƙashinta ba, ba za ta kwana a gidansa ba. Na tura shi ƙarƙashin Ƙadangaruwa. Bai ko kai tsakiya ba ya ci karo da tukunyar salansa, kwanon baƙin mai kuma yana leƙo shi ta gaba. Shi ne na aiko maka da saƙo, kai kuma ka maido amsa da murya cewa ba matsala, a fasa tudun, a yi kwata a rufe da ƙarfe, ruwan titi ya bi ta nan, mota ta shige sumul.

To a nan na tafka tawa ɓarnar, kuma gara ka ji daga bakina. Da na ji saƙon, sai na ce bari in haɗa ka da Umma, na daɗe ban ji ana yi maka faɗa ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na ƙure murya na kunna mata. Ina jira ta ce a kira mata kai yanzu-yanzu, har na gyara zama. Yaya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintarta, sai can ta ce ai gidan ubanka ne, kai ne babba, a yi yadda ka ce. Washegari da safe ta ce wa Uwar Magana ta zo da wayarta ta ɗaukar mata hoton wurin kafin masu guduma su zo. Tun da nake tsokana a duniya ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na san ba da mugun nufi ka faɗa ba. Shekara bakwai a waje ba kwana bakwai ba ce, kuma a can titunanku kamar tafin hannu suke, dole tudun ya koma maka wani dunƙulen siminti kawai. To bari in tuna maka. Ranar da Baba ya zuba shi, bayan ruwan da ya shiga har ƙarƙashin gadon Umma, ina ɗan shekara shida. Ya gama shafe shi sumul, ya kafa dokar ko kaza ta taka sai ta sha wuƙa, ya tuɓe takalmi ya zauna alwala. Ni kuma na sure takalmin ƙafa ɗaya na zura da gudu. Ya biyo ni ba takalmi, na bi ta kan ɗanyen simintin, shi ma ya manta da dokarsa ya bi ta kai. Kai kana tsaye da bokitin ruwa, dariya ta kayar da kai, ka dafa da hannun hagu. Baba ya tsaya yana kallon aikinsa, muna jiran duka, sai ya ce a bar shi haka, ai yanzu kowa ya san masu gidan. Suna nan har yau: ɗan sawuna a gaba, nasa babba a baya da yatsun a baje, tafin hannunka a gefe. Abin da ba ka sani ba, tun rasuwarsa Umma ba ta bari kowa ya share wurin. Ita take sharewa kowace safiya, in ta zo kan sawun sai ta ajiye tsintsiya ta sa hannu. Ni ma ban lura ba sai da na yi wannan shirmen.

Don haka na koma gareji na sake ɗaga Ƙadangaruwa a jak. Na murɗa zoben kowace ƙafa na maido ta sama yatsu biyu, ina aunawa daga ƙasa zuwa bakin kumatu don kada wani gefe ya fi wani. Na canza robobin da ke riƙe salansa da gajeru, tukunyar ta ɗan ƙara manne wa ciki. Na sake saita ƙafafun gaba don kada ta riƙa cin taya ta ciki. Na zagaya da ita kwana biyu sifirin ya zauna, sannan na sake tura katako. Ya wuce, yana ɗan shafa amma ya wuce. Sai dai ka san Baba bai yarda da awon mota ba kowa a ciki, yakan ce mota da mutanenta ake auna ta. Na cika tanki, na ɗauko Kawu na ce zan kai shi shan iska. Ni kuma da yake ba ni da nauyi, na duba hoton da ka turo kwanan baya, na ƙiyasta tumbin da ka ajiye, na ɗora rabin buhun yashi a bayan kujerar direba a madadinsa. In na rage maka, ka yafe ni.

Da muka iso ƙofar gida na yi dabarar Baba ta ƙarshe. Na kwaɓa laka na yi curi uku na jera a kan tudun, nesa da sawun, don in ga iya abin da cikin motar zai shafta. Umma ta fito da kujerarta ta zauna daga ciki, wai iska take sha. Na shigo a karkace, taya ɗaya ta hau ta sauka sannan ɗayar, don leɓen bamba kada ya daki ƙasa, Kawu yana ta salati yana riƙe da tumbinsa sama wai ko zai rage nauyi. Ban ji ƙarar komai ba. Na fito na duba: an aske kan curin tsakiya kamar da wuƙa, tsakanin ƙarfe da siminti saura kaurin ɗan yatsana. Umma ta taso, ta duƙa ta kwashe ɓarɓashin lakar da ya faɗa cikin sawun, ta hure. Sannan ta dube ni ta ce ubanmu da baya yake shigowa da ita kuma bai taɓa yin wannan zufar ba. Rabon da in ji ta yi dariya irin ta ranar na manta. Fito da Kawu daga motar kuwa, sai da mai walda ya zo ya kama mini.

To ka ji, Yaya. Ka ce huɗu, na ba ka biyu. Motar ta yi kyau a haka, duk wanda ya gan ta sai ya waiga, kuma za ka shiga gidan ubanka da ita ba tare da an ɗaga guduma ba. Amma har yanzu Umma tana ganin maganarka tana nan, don ta ce ni ƙarami ne, ba ni nake yanke hukunci ba. Duk sanda ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta tambaya ko masu aikin ne. Abin da nake roƙo, ka kira ta da bakinka ka ce mata an fasa fasawa. Ba sai ka ambaci sunana ba, ka ce kai ka sake tunani, ni na yafe maka ladan.

Takardar da ke cikin ambulan, bayan buhun siminti ne na shimfiɗa a kan sawun Baba na goga gawayi. Na sa ƙafata a kai, har yanzu da saura kafin in cika shi. Ka shimfiɗa a ɗakinka ka gwada taka, ka nuna wa yara, su san kakansu ya taɓa bin wani da gudu ba takalmi.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata ta rage maka hannu a kwano saboda sifirin. Ka shafa mini kan Babban Mutum da Ƴar Lele, ka ce Baba Ƙarami yana nan ya tanadar musu tsokana. Umma tana sa muku albarka. Uwar Magana tana gaisuwa, Kawu ma haka, ya ce a faɗa maka ba zai sake shiga motar nan ba ko da za a ɗaure shi. Mai walda da sauran mutanen layin gareji duk suna tambayar ka.

Af, na kusa mantawa. Ɗan sifanan nan mai ƙugiya da ya zo cikin kwalin, wanda sai da shi ake murɗa zoben, kada ka wahalar da kanka nemansa a gareji in ka dawo. Na ba Umma ajiya, ta naɗe shi a tsohuwar hular Baba ta sa a ƙasan akwatinta. In har yanzu kana son sauran yatsu biyun, sai ka je ka tsuguna a gabanta ka roƙa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Naka har kullum,
ƙaninka Auta, ɓarawon takalmi.