Ƙorafi kan Takalman da ke Barandata

Misis Glenys Treloar,
Gida mai lamba 6, Layin Cutler,
Tarrawinna, Kudancin Ostareliya.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Babban Jami'i,
Ofishin Tallafin Haya,
Reshen Tarrawinna.

Yallaɓai,

GAME DA: Riƙe rabin tallafin hayata bisa zargin ina zaune da namiji

Bayan gaisuwa da girmamawa. An daɗe ana faɗa a wurin shan shayinmu na Alhamis a zauren coci cewa ofishinku ba ya karanta abin da muka rubuta, sai dai ya turo mutum ya leƙa ƙofa, ya yanke hukunci. Na ƙaryata wannan magana a gaban kowa, har muka ɓata da maƙwabciyata Misis Pappas. Kimiyya na koyar har na yi ritaya, ban saba karɓar magana don kawai bakuna da yawa sun faɗe ta ba. Na ce zan bincika da kaina. Ga abin da na samu.

1. Ni da abokin zamana, Mista Vince Borg, muka kama gidan nan tare, sunayenmu biyu a yarjejeniyar haya. Ranar 3 ga Maris ya kwashe kayansa ya koma birnin Darwin wurin wata mata. Ba ƙararsa na kawo ba. Tun daga ranar ni kaɗai nake biyan hayar daga fanshona, kuma na sanar da ku washegari.

2. Ofishinku ya ci gaba da ba ni rabin tallafi, wai sai an cire sunansa daga yarjejeniyar hayar. Dillalin gidan ya ce ba zai cire ba sai Vince ya sa hannu. Vince kuwa ya sauya lambar waya. Kowa ya ce mini haka doka take, in yi haƙuri. Na karanta ƙa'idojinku daga farko har ƙarshe, ban ga inda suka ce tsohuwa ta je ta kamo wanda ya gudu ba. Da na nuna haka, sai aka ce za a zo a duba.

3. Ranar 20 ga Mayu kuka turo Mista Brody Kemp, ina asibiti wurin gwajin ido. Bai jira ni ba, bai sake dawowa ba. Da na same shi a ofis na tambayi dalilin ƙin amincewa da buƙatata, sai ya ce ya ga takalman aiki na namiji a bakin ƙofata, da ɗanyen taɓo a jiki. Iyakar hujjarsa ke nan. Har da kirana Kaka, wai kada in ji kunya, ba a hana tsofaffi soyayya ba. Ni ba kakarsa ba ce.

4. Yallaɓai, duk macen da ke kwana ita kaɗai a garin nan tana ajiye takalman namiji a ƙofa saboda ɓarayi. Wata 'yar sanda ce ta zo zauren coci ta koya mana, ta ce mu riƙa shafa musu taɓo don a zaci yanzu aka cire su. A ranar ma na ce mata ɓarawon da takalmi zai kora bai kai ɓarawo ba. Amma da na kwana ni kaɗai, iska tana kaɗa kwanon rufi, sai na bi sahu. Ban san ko dabarar tana ruɗin ɓarawo ba. Na dai ga ta ruɗi jami'inku. Na bi layinmu gida-gida na duba barandu. Akwai irinsu a ƙofar Misis Pappas, mijinta kuwa ni na kai furanni kabarinsa. Ban ambace ta don ku taɓa nata tallafin ba.

5. Haya ta taru a kaina. Dillalin ya ba ni takardar tashi, wa'adinta 1 ga Agusta. A tsakiyar sanyin nan na Yuli na daina kunna na'urar ɗumama ɗaki, da rigar sanyi biyu nake kwana. Shekarata saba'in da huɗu, kuma ba ni da inda zan nufa.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a soke hukuncin Mista Kemp, a ba ni cikakken tallafi tun daga ranar da na sanar, a kuma rubuta wa dillalin kafin wa'adin ya cika. Idan za a sake dubawa, a turo wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo, ya buɗe kowane ɗaki. Zan dafa masa shayi.

Takalman a shagon gwanjo na coci na saye su, bayan Vince ya tafi. Lamba sha ɗaya ne. Vince bakwai yake sawa, kuma duk zamanmu ban taɓa ganinsa da takalmin aiki ba. Na je na ba Misis Pappas haƙuri. Maganar da ake yi a wurin shayi gaskiya ce.

Ka huta lafiya, Yallaɓai, tare da girmamawata.

Glenys Treloar (Misis)