Dokin Ƙofar Inna

Kaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku. Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage a gona. Na zaɓi takarda ne saboda maganar nan ba ta waya ba ce. In na fara ta da baki kuka zai tsare ni.

Ka tuna sau biyu ina gaya maka Inna ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar ɗakinta ta faɗi, har ka ce a kira magini a rushe shi a daidaita wurin da ƙasa? An rushe. Yaya, wata guda bayan nan sai ga Inna da karyayyen hannu, muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta abin da ya faru, ta ce dokin ƙofa ne. Ina tsaye ina ji, na kuma san babu shi, amma ban buɗe baki ba. Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina zargin autanmu Zayyanu. Tun da ya fara shaye-shayen ƙwayoyi ya jingine keke napep ɗinsa, in ya nemi abu a wurin Inna ta hana, sai hannu. Kunyar duniya ta rufe mini baki, kuma ina jin nauyin wannan har yau.

Ma'aikaciyar, Malama Rashida, ba ta yi mata musu ba. Ta ɗaure hannun, ta duba tsofaffin tabban da ke bayanta, ta ce za a kwantar da ita kwana uku. Ashe akwai wani zama da suke yi, su da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a da masu unguwanni, kan irin wannan matsala ta cikin gida. Ni da ka sani, in na hango ɗan sanda hanya nake canzawa, sai ga wata 'yar sanda, Sajan Bara'atu, ta zo cikin atamfa da hijabi kamar mai zuwa dubiya. Ta zauna bakin gado tana ɓare wa Inna lemo, ba ta tambaye ta komai ba sai labarin jikoki. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce in raka ta gida ta ga dokin ƙofar nan da ya addabi tsohuwa. Muka je tare da Mai Unguwa Tsoho. Ta tsaya ta dubi ƙasar, sumul kamar faranti, ta dube ni. Nan take na fashe da kuka na zayyana mata duka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba su tilasta Inna ba. Sun gane abin da take tsoro: kada a ja ɗanta da ankwa a gaban maƙwabta, a ce uwarsa ce ta kai shi. Mai unguwa ya yi mata alkawarin shi zai raka shi da ƙafarsa, wata mata daga ofishin jin daɗin jama'a ta ce ta samo masa gurbi a wurin da ake jinyar masu shaye-shaye a Gusau, Sajan kuma ta faɗa mata gaskiya ba rufa-rufa, cewa in aka bar shi haka, faɗuwa ta gaba ba lallai ta tashi ba. Sai Inna ta ce, "Ba hwaɗuwa niy yi ba. Amma ɗana na, ku riƙe shi da hankali." Shekara biyu tana haɗiye wannan magana.

Haka aka yi. An rubuta komai a ofishin 'yan sanda, an gaya wa Zayyanu a gaban liman cewa in ya sake ɗaga mata hannu kotu ce, sannan aka wuce da shi Gusau. Duk ranar Alhamis sai ɗaya daga cikin matan nan uku ta leƙo Inna, kuma ba su taɓa fashi ba. Mutanen da ba dangin iya ba na baba sun yi abin da mu 'ya'yanta muka kasa.

Inna na gaishe ka, da Kulsumu da yara, musamman takwararta. Kawu Maiwada na Shinkafi ma ya ce a miƙa gaisuwa. Ta kuma ba ni saƙo gare ka: ka sa a mayar mata da dokin ƙofarta kafin damina, don ruwa na shigar mata ɗaki, kuma shi bai taɓa yi mata komai ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Naja'atu